Kyaftin Mai Sikeli Bai Karya Dokarsa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugaban hukumarmu ta jiragen ɗaukar marasa lafiya, ranka ya daɗe. Shugabar kwamitin bincike da abokan aikinta, sannunku da zuwa, sannunku kuma da ƙoƙari. Babban likitan asibiti da tawagarsa, malamanmu da dattawan unguwa, ina gaishe ku. Inna, mahaifiyar marigayi, wadda aka ɗauko da kujerarta saboda ta ce ba za a yi babu ita ba, ina durƙusawa gabanki. Hajiya, mai ɗakinsa, da 'ya'yansa uku. Matuƙa, makanikai, ma'aikatan jinya, mutanen ɗakin rediyo, masu gadi da masu shara, da duk wanda ya baro sana'arsa ya zo ya zauna a wannan rumfa mai warin man inji, assalamu alaikum.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne babban makanikin wannan wuri. Shekara ashirin da shida ina sa hannu a takardar da ke cewa jirgi lafiyarsa ƙalau, Kyaftin ya karɓa ya tashi da shi. Da sifana na saba, ba da lasifika ba. Hajiya ce ta ce ni zan yi magana, kuma duk wanda ya san ta ya san ba a musu da ita, sai ku yi haƙuri da ni.

Yau mako bakwai ke nan da Allah Ya karɓi abinSa. Tun a mako na biyu hukuma ta so a yi wannan taro. Hajiya ta ce a'a. Ina tsaye a falonta ta faɗa wa wakilin da aka aiko: "Ba za a taru a yabi mijina da baki alhali zukata na zarginsa ba. A bari rahoto ya fito. In ya yi laifi mu roƙa masa gafara, in bai yi ba mu ji da kunnenmu." To, rahoto ya fito ranar Litinin. Shi ya sa baƙon da ya shigo yanzu zai yi mamakin fuskokinmu. Ba mu daina kewarsa ba, ba kuma za mu daina ba. Amma yau muna jan numfashi yana kaiwa har ciki, abin da muka yi mako bakwai ba mu samu ba.

Kowa a nan ya san shi da Mai Sikeli, amma ba kowa ya san asalin sikelin ba. Ni na sani, domin ina cikin jirgin ranar.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, mun gama gyaran wata helikwafta, muka tashi gwaji da hantsi, shi yana tuƙi, ni ina gefensa da takarda a cinya. Ga baƙinmu da ba su taɓa leƙa gaban irin wannan jirgi ba: a ƙarƙashin ƙafafun matuƙi akwai feda biyu, su ke riƙe jelar jirgin. In ɗaya ta maƙale, jirgi sai ya kama katantanwa a sararin sama. Muna dawowa, saura kaɗan mu sauka, sai na ji ya ce, a natse kamar mai tambayar ƙarfe nawa, "Injiniya, fedar hagu ta ƙi." Na leƙa. Tocila ce, 'yar ƙarama, tasa ta kansa, wadda ya saba sokewa a aljihun wando. Ta zame ta gangara ta shige bayan fedar ta zauna daram. Jirgin ya fara karkata hanci. Na kwance bel ɗina, na duƙa har kaina na gugar gwiwarsa, na zura yatsu biyu na zaro ta. Ga tabon nan a bayan hannuna, na kusa suna iya gani.

Da muka sauka ya kashe inji, ya jira har farfela ta tsaya cak. Sannan ya karɓi tocilar, ya jujjuya ta a tafin hannu, ya ce, "Yanzu wannan 'yar abar ce za ta mayar da 'ya'yana marayu?"

Na ce, "Da nawa, Kyaftin. Ni ma ina da su."

Ya ce, "Ba ni biro."

A bayan takardar gwajin nan ya rubuta dokar da muke bi har yau. Duk abin da ba na jirgi ba ne, matuƙi ya zo da shi daga gidansa, sai an nuna shi, an auna shi, an rubuta shi a rajista, an kuma sama masa inda za a ɗaure shi. Abin da ba shi da maɗauri ba ya tashi. Na'urar kunne taka ta kanka, komai kyanta, sai makaniki ya gwada ta da rediyon jirgi. Waya tana cikin aljihu mai zif. Biro da igiya, tabarau da igiya. Hukuma ta yi wata takwas tana zama a kan takardar kafin ta amince. Shi kuwa washegari ya tafi kasuwa ya sayo sikeli irin na masu awon nama, ya kafa ƙusa a bakin waccan ƙofar ya rataye shi.

Jama'a, mu faɗi gaskiya tunda gaban iyalinsa muke: mun tsani sikelin nan. Mun yi masa ba'a, mun ɓoye shi sau biyu, sau ɗaya ma a cikin firjin ɗakin hutu. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko shi ya goge, ya ce ai sanyi ba ya canza nauyi.

Ga Dogo can a layi na uku yana sunkuyar da kai, ɗaya daga cikin manyan matuƙanmu. Ya taɓa sayo na'urar kunne daga ƙasar waje, mai laushi kamar filo, ya shigo yana nuna wa kowa. Kyaftin ya karɓe ya miƙo mini. Kwana tara tana hannuna. Dogo ya je ya same shi, ya ce, "Haba Kyaftin, kunnena ne fa!" Ya ce, "Kunnenka ne, amma mara lafiyan da ke bayanka ba naka ba ne." A kwana na goma muka gano cewa in aka koma tasha ta biyu ta rediyo, na'urar tana haɗiye rabin magana. Dogo ya yi wata guda ba ya gaishe shi, don kunya, ba don fushi ba. Yau shi ke tsayawa a bakin ƙofa yana lalube aljihun sababbin matuƙa.

Kai ma ranka ya daɗe, shugaban hukuma, ba ka tsira ba. Ranar da ka zo za ka zauna a kujerar gaba da lema a hannu, me ya ce maka? "Ranka ya daɗe, kai za ka tashi, lemar za ta jira." Tana nan a ɗakin ajiya, shekara shida ke nan. In an tashi taro sai a ba ka abarka.

Ya kasance mutum ne da ba ya ɗora wa wani abin da bai fara ɗora wa kansa ba. Ya kasance yana iya hana ka abu, ka fita kana huci, da yamma kuma ka same shi a ƙofar gidanka ya zo duba ɗanka da ya ji an ce ba shi da lafiya. Ya kasance in sabon matuƙi ya yi saukar da ba ta yi kyau ba, ba ya yi masa magana a gaban mutane. Sai ya ja shi bayan rumfa, su zauna a kan tsofaffin tayoyi, ya fara da ba shi labarin tasa saukar da ta fi wannan muni. Ya kasance, a shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan bakin kogi, ya yi sawu arba'in da ɗaya a kwana huɗu, yana ɗauko mutane daga kan rufin gidaje da na makaranta, har likita ya ɓoye masa hular tuƙi don ya kwanta ya huta. Akwai matan da suka haihu a bayansa a sama. Akwai yara da ke zuwa makaranta yau da ba don Allah Ya kawo shi a kan lokaci ba, da wani labarin ake. Ban taɓa jin ya ƙirga su ba. Abin da yake ƙirgawa giram ne.

Babbar 'yarsa, ki yafe mini, zan tona. Tana aji uku na firamare ta saƙa masa ɗan tsuntsu da zare, ta ce ya rataya a gaban jirgi kamar yadda direbobin mota ke yi. Ya zo da shi nan, ya ɗora a sikeli muna kallo muna dariya, ya buɗe rajista ya rubuta: tsuntsu ɗaya, na zare, giram tara, aljihun ƙirji na hagu, mai zif. Bai taɓa rataya shi ba, bai kuma taɓa tashi babu shi ba. Shekara goma sha bakwai. A aljihun nan likitoci suka same shi.

Yanzu sai maganar fulas, wanda saboda shi muka shiga abin da muka shiga.

Aikinmu akwai jira. Wani lokaci ka sauka a daji ka yi awa uku kafin a kawo mara lafiya. Hajiya ta ga yana dawowa da ciwon kai, ta saya masa fulas na ƙarfe, tana cika masa da shayi. A lokacin shi ne jami'in da ke amincewa da kayan matuƙa. Sai ya zauna ya rubuta wa kansa takardar neman izini, ya karanta, ya rubuta a ƙasa: ba a amince ba, babu maɗauri. Ya sa hannu. Fulas ya yi mako uku yana yini a kan teburin ɗakin hutu. Rannan Hajiya ta kira ni a waya, ta ce, "Injiniya, don girman Allah ka yi masa abin nan da yake so. Shayin da nake dafa wa mijina masu gadi ke shanyewa." Na ƙera masa mazauni na ƙarfe a bayan kujerarsa, da ɗamara mai maɓalli biyu. Ya zo ya jijjiga, ya ja, ya sa ƙafa ya tura, sannan ya sake rubuta wa kansa takarda ya amince. Kuma ko da wasa ba ya buɗe shi a sama. Sai ya sauka, farfela ta tsaya.

Ranar Alhamis ɗin da muka rasa shi, wajen sha ɗaya na safe, aka kira mu daga wurin da ake gina madatsar ruwa. Wani magini ya faɗo daga sama, ya bugu a gadon baya. Kyaftin ya tashi da Sista, babbar ma'aikaciyar jinyarmu. Suka ɗauko maginin a kan gadon ɗauka, da ƙanensa a gefe. Saura minti goma sha biyu su iso asibiti, ya kira ɗakin rediyo. Na saurari muryar nan sau da yawa tun daga lokacin, babu rawa a cikinta. Ya ce, "Ba na jin daɗin jikina. Zan sauka yanzu. Ku turo mota." Ya faɗi inda yake, ya sake maimaitawa. Sannan ya ce, "Sista, riƙe mara lafiyarki da kyau."

Ya zaɓi wata gona da aka yi wa huɗa, nesa da wayoyin lantarki, ya ajiye jirgin. Saukar ta yi ƙarfi, ƙafar hagu ta jirgin ta lanƙwashe, ƙofar baya ta cije. Ya kashe inji, ya rufe mai, komai bi da bi yadda yake koyar da mu. Ya ce, "Kowa lafiya?" Sista ta ce, "Lafiya, Kyaftin." Ya ce, "Madalla." Ita ce kalmarsa ta ƙarshe da ɗan Adam ya ji. Kafin Sista da ƙanen maginin su ɓalle ƙofar su zagayo, ya riga ya langaɓe. Ta yi duk abin da aka koya mata, da wanda ba a koya mata ba. Kafin mota ta iso, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutum uku ya ɗauko, mutum uku suka fita da ƙafafunsu ko a kan gadonsu, babu wanda ya ƙaru da ko ƙwarzane. Da a nan labarin ya tsaya, da tuni mun yi wannan taro.

Amma cikin waɗanda suka taru a gonar, wani ya leƙa gaban jirgin da wayarsa ya ɗauki hoto. A hoton ga fulas ɗin Kyaftin kwance a ƙarƙashin feda. Kafin mu dawo daga maƙabarta hoton ya gama gari. Kun ji abin da aka riƙa faɗa, wasunmu ma da bakinsu aka faɗa. Wai mai doka ya karya dokarsa. Wai yana shan shayi a sama abin ya suɓuce ya maƙale feda, tsoro ya tsayar masa da zuciya. Wai shekara ashirin yana takura wa mutane, ashe shi ma haka yake. Wasu daga cikin matasan matuƙa suka fara wuce sikelin nan kamar ba su gan shi ba. Babbar 'yarsa ta daina zuwa wurin aikinta. Aka ɓoye wa Inna, sai ga wata mai zuwa gaisuwa ta faɗa mata a kunne, wai don ta taya ta baƙin ciki.

Akwai abin da ya zama dole in faɗa a nan, don kada in tsaya ina yabo da nawa laifin a aljihu. Hanya biyu kawai na gani da fulas zai bar mazauninsa: ko shi ya kwance shi, ko maɗaurin da na ƙera ne ya saki. Kwamiti ya rufe jirgin, ba a bar ni na duba ba. Na yi mako biyar ina zana maɗaurin nan a takarda ina yagawa. Abinci ya daina yi mini daɗi. Kuma, Allah Ya gafarta mini, akwai ranakun da na yi fatan a ce shi ne ya kwance. Abokina na shekara ashirin da shida, yana kabari ba ya iya kare kansa, ni kuma ina fatan laifin ya zama nasa don kada ya zama nawa. Ranar Talata na je na faɗa wa Hajiya haka, ban ɓoye komai ba. Ta dube ni, ta ce, "Injiniya, ai kai mutum ne. Zauna a kawo maka ruwa, duk ka rame." Hajiya, na gode. Na faɗa a gaban jama'a ne don a ɓoye na yi tunanin.

A mako na biyar shugabar kwamiti ta je gidan da hotuna, don Hajiya ta tabbatar fulas ɗin nasa ne. Hajiya ta sa tabarau, ta duba, ta ce, "Nasa ne. Ina murfin?"

Aka ce, "Wane murfi?"

Ta ce, "Murfin fulas mana. Ni nake rufe shi kowace safiya, kuma in na rufe, shi kansa sai ya sa bakin riga yake iya buɗewa. Ba ya buɗuwa don ya faɗi. In a cikin jirgi aka buɗe shi, murfin yana cikin jirgi. Kun gan shi?"

Masana bakwai sun yi wata guda suna kallon hoton nan. Ni ma na kalle shi har na haddace. Babu wanda ya tambayi murfi a cikinmu. Aka dawo aka buɗe jirgin, aka ɗaga kujeru, aka cire shimfiɗar ƙasa, aka haska ko'ina. Babu murfi. Shugabar kwamiti ta ce to a koma gonar.

A can suka sami mai gonar, ga shi nan zaune kusa da malamai, da farar hula. Da ya ga motar hukuma sai da ya so ya shige cikin dawa. Da aka kwantar masa da hankali, ya ce, kuma na roƙi izininsa in faɗa yadda ya faɗa: "Ina gyaran kunyoyi na ga abu ya sauko mini a gona. Na yar da fartanya na ruga. Na buɗe ƙofar gaba na ga bawan Allah ya sume. Na ce ruwa! Sai na hango gora a bayan kujerarsa, a ɗaure. Wallahi wanda ya yi ɗaurin nan ba ya son a sha ruwa, sai da na sa haƙori na ɓalle shi. Na murɗe murfin da ƙyar, na zuba a hannu zan yayyafa masa, ashe shayi ne mai zafi. Ya ƙone ni, na saki gorar ta faɗa ƙasan ƙafafunsa. Sai ga malamar asibiti ta zagayo, na ja da baya na ba ta wuri."

Aka ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Na ga masu kaki sun cika gona, na ce kada a ce na taɓa kayan gwamnati." Ya shiga ɗaki ya ɗauko murfin, a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Ya ce a aljihunsa ya tsince shi da ya koma gida, yana ta jiran mai shi. Ya nuna musu tabon ƙunar a tafin hannunsa.

A makon da aka koma gonar kuma sakamakon na'urar da ke naɗar motsin jirgi ya dawo daga inda aka kai ta a karanta. Fedar nan biyu suna motsi lafiya lau har daƙiƙar da jirgin ya taɓa ƙasa. Babu abin da ya maƙale. Likitoci suka kawo nasu: wata jijiya ce ta toshe a zuciyarsa farat ɗaya, irin wadda gwajin lafiyar da aka yi masa wata uku kafin nan ba zai iya nunawa ba. Babban likita ya ce mana ciwon da ya kama shi, in ya kama mutum a tsaye, zubewa yake yi nan take. Kyaftin ya yi kusan minti biyu yana tuƙi da shi, yana duba wayoyin lantarki, yana zaɓar gona mai laushi saboda akwai mai karyayyen baya a jirginsa.

Ranar Litinin da aka tara mu a ofis aka karanta rahoton, ba a kai ƙarshe ba Dogo ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, yana dariya hawaye na zuba. Sista, wadda ta yi mako bakwai tana tuhumar kanta ko akwai abin da ta gani ta manta, ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa da aka zo wurin haƙorin nan, na ce alhamdu lillahi. Maɗaurin ya riƙe. Mutumin ma ya riƙe.

Inna, ranar da labarin banza ya zo kunnenki, an ce kin ce, "Ni na haife shi, ba ya haka." Mu da muka yi karatun injina muka yi shakka, ke ba ki yi ba. Ga takarda ta zo da hatimi tana faɗin abin da kika faɗa kina zaune a kan tabarmarki. Allah Ya ba ki haƙurin rashinsa, Ya sa shi ya tarbe ki a inda babu rabuwa, bayan tsawon rai mai albarka.

Hajiya, ke kika wanke shi. Shekara talatin kina jin ƙarar jirgi a sama kina ɗaga kai kina addu'a, ba ki taɓa cewa ya bar aikin ba. Wannan rumfa gidanki ce. Ba sai kin aiko ba, mu za mu riƙa zuwa, har ki gaji da mu.

Ku 'ya'yansa, ku ɗaga kanku. Ki koma wurin aikinki, 'yata, ki shiga ta babbar ƙofa. Duk wanda ya tambaye ku yadda mahaifinku ya rasu, ku ce ya rasu bayan ya sauke fasinjojinsa.

Baba mai gona, na ji an ce kana cewa kai ka jawo wa iyalinsa wannan wahala. Kada ka sake faɗa. Jirgi ya faɗo gonarka yana hayaƙin ƙura, mutane da yawa da gudu za su yi su bar wurin, kai ka rugo wurinsa da niyyar ceto. Allah Ya saka maka, Ya sa gonar nan ta yi albarkar da ba ta taɓa yi ba.

Ga maginin nan kuma a bakin ƙofa, da sandunansa biyu. An ba shi kujera ya ƙi, ya ce a tsaye yake so iyalin Kyaftin su gan shi. Sannu, bawan Allah. Mun gan ka.

Saura waɗanda suka yaɗa hoton. Hajiya ta ba ni saƙo gare ku, kuma na san wasunku suna nan, ba zan dubi kowa ba. Ta ce ta yafe, duniya da lahira. Abu ɗaya take roƙo: akwai kwafin rahoton a kan tebur a bakin fita, shafi biyu ne kawai. Kowa ya ɗauki hotonsa, ya tura wa mutanen nan da ya tura wa na farko, ɗaya bayan ɗaya, kada ya tsallake kowa.

Muna godiya ga kwamitin bincike da bai yi gaggawa ba, bai kuma ji nauyin komawa gona ba. Muna godiya ga asibiti, da maƙwabtan da suka riƙe gidan nan a makonnin da wasu suka janye ƙafa, da duk wanda ya zo yau daga nesa.

Na ga agogo, uku ta gota. Masu aikin yamma, akwai mara lafiya da za a ɗauko ƙarfe huɗu. Ku tashi ku shirya, ba rashin ladabi ba ne, babu wanda zai ga laifinku. Sauranmu mu ɗaga hannu.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa rayukan da ya yi sanadin cetowa su zama masu shaida a gare shi ranar da babu mai shaida sai wanda Ka yarje wa. Ka yafe mana zaton da muka yi masa. Ka dafa wa mahaifiyarsa da matarsa, Ka raya zuriyarsa a kan gaskiya. Ka ba maginin nan sauran lafiyarsa. Waɗannan kuma da suka miƙe yanzu suna fita, ya Allah Ka tashe su lafiya, Ka sauke su lafiya, Ka mayar da kowannensu ga masu jiransa a gida.

Amin.